Malama Hansai da Jinin da Ke Hanyar Gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina shirin karyawa ƙanena Alhaji Garba ya kira ni daga Azare. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yaya Mairo, Malama Hansai ta rasu."

Shayin da na haɗa yana nan inda na ajiye shi, ya huce.

Ta haura casa'in, na sani. Ni kaina na tsufa, na yi jikoki, na yi ritaya daga koyarwa tun tuni. Amma da Garba ya faɗa, ji na yi kamar an sake mayar da ni 'yar aji uku, kuma an ce malamarmu ba za ta shigo ba.

Ɗalibaina na dā da sauran masu bin shafin nan, ku zauna. Yau darasin ba nawa ba ne, nata ne.

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa ganin an yi wa mutum ƙaho, jini ya fito baƙi-baƙi, na gefe suka ce, "Ka ga mataccen jini"? Yawancinmu da wannan muka tashi. Wai jini yana kwance a jiki kamar ruwa a randa, in ya daɗe sai wani ya lalace ya kwanta a ƙafa ko a baya, sai an zuƙe shi. Har a sakandare na sha samun yara masu wannan tunani, masu ƙoƙari ma kuwa. Ba sukar ƙaho nake ba, yana da muhallinsa. Maganata a kan jinin ce.

Jinin nan bai mutu ba. A hanyar gida yake.

Malama Hansai ce ta fara gaya mini haka, a makarantar elemantare ta Azare, zamanin En'e, kafin a ba mu mulkin kai. Lokacin ita ma yarinya ce, sabuwar dawowa daga horon malanta, siririya, mai saurin tafiya, kullum da alli a gefen kallabinta.

Ba ta zana mana zuciya a allo ba. Fitar da mu ta yi fili, ta ɗauki kara ta zana ƙaton gida a ƙasa. Ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, da bango a tsakiya wanda ya raba dama da hagu.

"Wanda ya tsallaka bangon nan," in ji ta, "ya kashe mai gidan."

Gindin tsamiya shi ne huhu. Bakin dangar makaranta, can nesa, shi ne ƙafa. Mu kuma mu ne jini.

Babana tela ne, don haka ni aka sa na kwaso ƙyallaye daga ƙarƙashin kekensa, ja da baƙi. Kowace yarinya za ta taso daga danga riƙe da baƙin ƙyalle, ta shiga ɗakin sama na dama, ta gangara na ƙasa, a turo ta zuwa gindin tsamiya. A nan za ta ja numfashi mai ƙarfi, ta ajiye baƙi ta ɗauki ja. Sai ta dawo ta ɗakin sama na hagu, ta gangara na ƙasa, a sake turo ta, wannan karon har danga. A can ta sauke ja, ta ɗauki baƙi, ta kamo hanyar gida.

"Baƙin nan ba gawa ba ne," take cewa. "Ɗan aike ne da ya kai saƙon iska ya juyo. Ku bar shi ya je huhu ya ɗauko wani."

A kowace mashiga akwai yara biyu riƙe da hannun juna. Su ne ƙofa. In jini ya zo su ɗaga hannu ya wuce, sai su tafa su rufe. Ba komawa baya. Ƙofofin tsakanin sama da ƙasa su tafa tare, sannan na fita su amsa. Tas, tas. Tas, tas. Ta ce bugun da kake ji in ka kara kunne a ƙirjin mutum, ƙarar rufewar ƙofofin nan ce.

Kafin mako ya zagayo mun mayar da abin gaɗa, har da waƙa. Yaran ajin maza suna leƙe ta taga suna jin haushi.

A ɗakin ƙasa na hagu ta sa Jummai, wadda ta fi kowa ƙarfi a ajinmu. Ta ce a zuciyar gaske ma bangon wannan ɗakin ya fi kauri, domin na dama huhu kawai yake kai wa, ga shi nan kusa, shi kuwa na hagu har ɗan yatsan ƙafa yake aikawa. Jummai ta ji daɗin wannan magana ƙwarai. In ta tura ki sai kin yi da gaske ba ki ci ƙasa ba.

A wannan lokacin ne Innata ta haihu.

Kakata, mahaifiyar Inna, ta taso daga Katagum don ta yi mata wankan jego. Mace ce mai faɗa, mai ban dariya, mai son 'yarta kamar ranta. Ku riƙe wannan, don kada wani ya karanta ya ɗauka muguwa ce. Abin da aka yi mata ta yi wa 'yarta: tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, kunun kanwa ƙwarya guda. Tsoro ɗaya ne, kada sanyi ya shiga jikin mai jego.

Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafafun Inna suka fara kumbura. Kaka ta ce sanyi ne, ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Kumburi ya hau gwiwa. Inna ta daina iya kwanciya, sai dai a jingina ta da bango, tana tari, tana numfashi kamar wadda ta yi gudu. Jaririn ma da ƙyar take riƙe shi. Kaka ta ce mataccen jini ne ya taru a ƙafa, ta aika wa wanzami ya zo da ƙahonsa washegari.

Baba yana gani, hankalinsa a tashe, amma ba shi da baki. Surukarsa ce, ko ido ba ya haɗawa da ita. Jego kuma sha'anin mata ne. Sai ya shigo ya tsaya a bakin zaure, ya yi gyaran murya, ya koma.

Ran nan a makaranta muka fita wasan zuciya. Ana cikin yi Jummai ta ce ta gaji, ta zauna daɓas a tsakiyar ɗakinta. Nan da nan layi ya cushe. Masu fitowa daga tsamiya ba hanya, suka taru a gindinta. Ɗakunan dama suka cika. Na baya suka yi cirko-cirko har danga, ana ta turereniya ana dariya.

Malama ba ta yi wa Jummai faɗa ba. Ta ɗaga kara ta ce, "Kowa ta tsaya inda take! Ku duba da kyau. Haka yake in zuciya ta gaji. Huhu ya cika, mutum ya kasa numfashi, ya kasa kwanciya sai a zaune. Layi ya koma baya har ƙafa, ruwa ya tsattsafo daga jijiya, ƙafa ta kumbura."

Ni ce ƙofa a ranar. Na saki hannun abokiyata na fashe da kuka.

Malama ta ja ni gefe ta yi mini tambayoyi a hankali. Yaushe aka haihu? In an danna ƙafar, wurin yana lotsawa? Me take sha? Da na gama ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "In an tashi ki jira ni."

Da la'asar muka shiga gidanmu. Kaka tana tsakar gida tana iza wutar ruwan wanka. Malama ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

Kaka ta dube ta sama da ƙasa. "Wannan ce malamar? Na ɗauka babba ce. Ke, haihuwarki nawa?"

"Ko ɗaya, Iya."

"To ni tara. Duk da ruwan nan na yi wanka, ga ni garau. Me 'yar boko za ta gaya mini a kan jego?"

"Ba komai, Iya. Jego naki ne. Hannunki kawai na zo ara."

"Hannuna? Yau ga sabon salo, malamar makaranta ta koma duba! To ga shi, ki gaya mini ko zan sake aure."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Malama ma ta yi. Ta kama hannun Kaka ta sauke shi ƙasa na ɗan lokaci har jijiyoyin bayan hannun suka fito raɗa-raɗa. Ta zaɓi doguwa ɗaya. Ta danne ta da yatsa ɗaya ta wajen 'yan yatsu, ta sa wani yatsan ta share jinin zuwa sama, wajen wuyan hannu, sannan ta ɗage na saman. Jijiyar ta kwanta, ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba.

"Ina ya tafi?" in ji Kaka.

"Gida, Iya. Wurin zuciya."

"To ai kin sake shi. Ya dawo mana."

"Ba ya iya dawowa ta nan. Akwai ƙofa a ciki, gaba kawai take buɗewa. Yanzu duba."

Ta ɗage yatsan ƙasa. Jijiyar ta cika fal, daga ƙasa zuwa sama.

Kaka ta ce, "Tabɗi!" Sai ta ce, "Sake."

Aka sake. Ta ƙwace hannunta ta gwada da kanta, ta sake gwadawa, ruwan wanka yana ta tafasa ba wanda ya kula shi. Daga ɗaki muna jin numfashin Inna.

Can Kaka ta ɗago, ba wasa a fuskarta. "To in tafiya yake ba kwanciya ba, me ya tsayar da na 'yata?"

Wannan tambayar Malama take jira. Ta ce, "Mairo, gaya wa Iya abin da ya faru yau da Jummai ta zauna."

Na faɗa mata duka. Ɗakuna, ƙofofi, tsamiya, danga, cunkoso. Malama ta ɗora: "Mai turawar ce ta gaji, Iya. Ta yi wata tara tana aikin mutum biyu. Zafi yana sa ta gudu. Kanwa kuma tana riƙe ruwa a jiki, kin san yadda gishiri yake jiƙewa da damina. Ruwan ya yi mata yawa. In wanzami ya zuƙi na ƙafa, layin yana nan, don ba a ƙafa matsalar take ba. A asibiti suna da maganin da ke rage ruwan, da wanda ke ƙarfafa mai turawar."

"In ta mutu a can fa, a hannun bare?"

"Rai na Allah ne, Iya, ba zan yi miki alkawarin abin da ba nawa ba. Amma ba a hannun bare ba. Ke za ki zauna da ita. Ni zan riƙa kawo abinci."

Kaka ta daɗe tana kallon bayan hannunta. Sannan ta miƙe, ta janye itacen daga murhu ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure, amma da ni take magana, kamar yadda ta saba.

"Mairo, je ki ce wa mai gidan nan ya nemo amalanke. A ce wa wanzami ya dakata."

Na fita a guje. Amalanke tana ƙofar gida, an shimfiɗa tabarma da matashi. Ashe Malama ta aika wa Baba tun da rana, shi kuma ya kawo ta ya zauna a kai yana jira, bai san ko za a kira shi ba.

Inna ta yi makonni a asibiti. Allura, ƙwayoyi, abinci ba gishiri ba kanwa. Kaka ta yi rigima da kowace nas a ɗakin, amma ba ta bar gefen gadon ba. A kan wanka kuwa ba ta sauka gaba ɗaya ba, sai dai aka daidaita a kan ruwa mai ɗumi. Kumburi ya saɓe a hankali. Ranar da Inna ta kwanta miƙe ta yi barci, Kaka ta fito waje ta zauna ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Inna ta rayu har ta goyi 'ya'yana.

Jaririn nan kuwa shi ne Garba, wanda ya kira ni yau. Da furfurarsa ya shiga cikin masu ɗaukar makarar Malama.

A makonnin da Inna ta yi a asibiti Malama ce take yi mini kitso a lokacin tara, don ba mai yi mini a gida. Hannunta da zafi, tana ja tana tambayata, "Daga ɗakin ƙasa na dama sai ina?" In na ce huhu, ta ce, "Madalla, juyo da kan." Takan ɓoye mini ƙuli-ƙuli a cikin akwatin alli. Har yau in na ci ƙuli-ƙuli sai in ji kamar da ɗan garin alli a jiki.

Ba ta taɓa ba wa kowa labarin abin da ta yi a gidanmu ba. Kaka ce ta yaɗa shi. Ta koma Katagum tana kama hannun tsofaffi a gidan biki tana nuna musu, tana cewa ita ta gano.

Ganina da Malama na ƙarshe bayan Babbar Sallar da ta wuce ne. Na same ta a jingine da matasai, idon ya yi rauni amma kan garau. Ta ja zane ta nuna mini ƙafarta, ta danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa.

"Kin gani? Jummaina ta zauna."

Na ce, "Malama, a koma asibiti mana."

"Ina zuwa, ina shan maganina. Amma ta yi aiki, Mairo. Tun kafin a haife ni take bugawa, ko hutun rabin shekara ba ta taɓa nema ba. Wane ma'aikaci ne haka?"

Muka yi dariya. Sai na yi mata tambayar da ban taɓa yi ba. Na ce me ya ba ta ƙarfin halin shiga gidan mutane, yarinya da ita, ta tunkari tsohuwa irin Kaka?

Ta ce, "Yayata haka ta tafi, kafin arba'in. Ina ƙarama, ina kallo. Mu babu wanda ya zo ya ari hannun kakarmu."

Sannan ta juyo da maganar kaina. "Har yanzu kina zana ɗakunan?"

Na ce, "Malama, ai na yi ritaya."

"Daga gwamnati kika yi ritaya. Wa ya ce miki 'yan mata sun daina haihuwa?"

Na yi dariya na ce zan duba. Ban duba ba tukuna sai ga wayar Garba.

To yanzu na duba.

Gobe in sha Allah zan tafi Azare gaisuwa. In na dawo Misau, ranar Asabar da hantsi, zan share tsakar gidana in zana ɗaki huɗu da bango a tsakiya. Ina da bishiyar mangwaro, ta isa huhu. Ƙyalle ja da baƙi ba ya wuya. 'Yan matan unguwa su zo, amma ba su kaɗai nake nema ba. Ku zo mini da kakanninku, masu wankan jego, masu dama kunu. Ba faɗa za mu yi ba. Yanzu ni ma kaka ce, ba mai tambayata haihuwata nawa. Zan ci gaba da yi duk Asabar muddin ƙafata tana ɗaukata, in ta ƙi a fito mini da kujera.

Ɗalibaina da kuka zama malamai, nas-nas da likitoci, ban ce ku turo komai ba. Ku yi irinsa inda kuke. Kara ɗaya ne da fili.

Kuma ku ji wannan da kyau. Ba kowane kumburi ne zuciya ba, likita ne zai tantance. Amma mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ba a ƙara mata wuta, ba a ƙara mata kanwa, ba a jira arba'in. Asibiti, a ranar.

Ɗazu bayan na ajiye wayar Garba na dubi bayan hannuna. Jijiyoyin sun fito raɗa-raɗa, fatar ta yi laushi. Hannun Kaka ne sak. Na danne, na share, jijiyar ta kwanta. Na ɗage yatsa, ta cika daga ƙasa. Har yanzu yana hanyar gida.

Kai ma da kake karantawa, ajiye wayar nan ka gwada. Sauke hannunka ƙasa har jijiyoyi su fito. Danne ɗaya da yatsa ta wajen 'yan yatsu, share jinin zuwa sama da wani yatsan, ka ɗage na saman ka duba. In taka ba ta fito sosai ba, je ka ari hannun tsohuwar gidanku, nata ya fi nunawa, kuma ita ce ta fi bukatar gani.

Daidai lokacin da ka ga jijiyar ta cika, ina roƙonka ka yi wa Malama Hansai addu'a.

Ya Allah, baiwarka ta dawo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Duk numfashin da Innata ta ja bayan ranar nan, da duk mai jegon da ta tashi saboda abin da ta koyar, ka sa a mizaninta. Ka haɗa ta da yayarta a Aljanna Firdausi, da Inna, da Baba, da Kaka mai rigima. Ka ba iyalanta haƙuri. Mu kuma ka ba mu ƙarfin ci gaba da zanen, har ranar da tamu za ta zauna.

Amin. Ku ce amin, don Allah.